Man Kaɗe a Kan Goran Nomau

Takalmin da ɗayanku ya ajiye mini jiya a kan benci, na duba shi da safe. Mai shi ya riga ya yi masa magani da kansa: ya sayo 'yar kwalbar nan mai ɗigo, ya tsiyaya a inda ya buɗe, ya taka da ƙafa, ya yi gaba. Kafin ya kai tasha takalmin ya sake wage baki, ga kuma wani farin ɓawo ya bushe a ciki kamar gishiri, wanda sai na kankare shi kafin in fara nawa aikin. Da na yi magana kuka yi dariya, kuka ce wai liƙi ma har sana'a ce, ai matsawa ce da dannawa. To, ku saurara. Ni Sallau, a wannan rumfa ta kasuwar Madarumfa gashin kaina ya yi fari, kuma har yau ban gama sanin halin kol ba.

Kol muke cewa a nan, direbobin Katsina su ce gam. A Ɗan Issa na koya, wurin Malam Habu mai faci, wanda rumfarsa ke bakin hanya inda manyan motoci ke jiran duwan, wato 'yan kwastan. Taya yake liƙewa, da takalma, da bokiti, da kujerar babur, da duk abin da aka kawo. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa gwangwanin kol ba. Aikina kankara. Ya ba ni magagari, da takarda mai yashi, da guntun fasasshiyar kwalba, ya ce in goge har sai fuskar abu ta fito sabuwa. In na gama na miƙa masa, sai ya shafa da bayan yatsa, ya shinshina, ya mayar mini.

"Ka ci ƙosai da safe," in ji shi.

"Na wanke hannu, Malam."

"Wankin ganin ido dai ka yi. Robar ta san ka ci."

A wurinsa na san cewa kol ba ya kama abu, fuskar abu yake kamawa. In akwai ƙura a fuskar, ƙurar ya kama. In akwai maiƙo, bai kama komai ba.

A shekarun nan direbobi suna shigo da littattafan soyayya daga ƙetare, masu siririn bango, waɗanda ake ba da haya a kasuwa. Ni kuwa na kamu. Ina kankara da hannu, zuciyata tana can wani gida mai furanni inda wata kyakkyawa ke kuka a bakin taga. Da su na fahimci kol na takalma, mai kalar zuma. Shi wannan, ana shafa shi siriri a ɓangare biyu, sannan a raba su, kowa ya zauna shi kaɗai yana shan iska, har sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji bai biyo ka ba. Sannan a haɗa, sau ɗaya tak, a buga da guduma. Wanda ya haɗa su da ɗanyensu, ya yi asara. Na ce wa Malam Habu ai wannan shi ne abin da ke cikin littattafai, sai an raba masoya an wahalar da su kafin auren ya yi ƙarko. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Kai dai kowane abu sai ka kai shi gidan biki."

Amma sunan da na raɗa wa kol mai kwalba biyu, irin waɗanda ake matsawa kamar na man goge baki, shi ma ya ɗauka. Ango da amarya. Kowanne shi kaɗai ruwa ne mara amfani, sai an matso su daidai wa daida a marfin gwangwani, an gauraya da tsinke har launinsu ya zama ɗaya. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, ba zai taɓa ƙanƙarewa ba, haka zai zauna yana danƙo. In an yi daidai kuwa, ya zama dutse, ruwa ba ya masa komai. Farin kol na kafintoci shi na katako ne, yana son a ɗaure shi tam ya kwana, amma ba ya shiri da damina. Mai ɗigon nan naku kuma, na ƙaramin abu ne mai tauri wanda bakinsa ya haɗu tsaf, kamar hannun kofi. Ba ya lanƙwasa, shi ya sa ba ya zama a takalmi.

Wata mata ta taɓa kawo mini bokitin roba, na liƙe, ta ce tana sauri. Na ce ta bari sai gobe. Ta ce to, ta ɗauka za ta ajiye a gida, ta biya famfo da shi, liƙin ya ɓare. Tun daga irin wannan na gane rabin sana'ar ba a hannu take ba, tana wajen riƙe mai kaya. Mutum ba ya iya ganin abinsa a haɗe ya ƙyale shi. Sai ya ja ya gani ko ya kama, kuma jan nan shi ke kashe aikin. Saboda haka da na dawo gida na kafa rumfata, na sa benci mai faɗi, na riƙa ba masu jira labari. Wani daga abin da na karanta, wani daga kaina. Mutum yana sauraron yadda za ta ƙare tsakanin saurayi da budurwa, kol yana can yana aikinsa.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce shekarar da ban so tunawa. Kaya suka daina shigowa ta hanya, sai ta daji, kuma abin da ke zuwa ta daji ba ka san wanda ya taɓa shi ba. Gwangwani iri ɗaya, hoto iri ɗaya, ka buɗe ka ji warin isansi, wato fetur, ya buge ka. An tsinka shi ya zama kamar kunu. Ina gwada kowanne a guntun roba kafin in sa a kayan mutane, in ja, ya rabu kamar ba a taɓa haɗa su ba. Na riƙa mayar da aiki ina cewa ba ni da abin yi. Rumfa ta yi shiru, har na koma ban ruwa a lambun wani ɗan'uwana da safe. Abin da ya rage mini na kirki shi ne ango da amarya guda, su ma an sha rabinsu, na naɗe a tsumma na ɓoye a ƙasan akwati.

A cikin wannan hali Baba Nomau ya zo da goransa.

Nomau masunci ne, dattijo, mutanensa na wajen Gabi ne, masu bin al'adar kakanni. Ba ya da jirgi. Da gora yake su, irin babban nan da mutum ke kifa cikinsa a kai, ya tura da hannu da ƙafa har tsakiyar tafki, komar kamun kifi a hannu, in ya kama kifi ya jefa ta bakin goran. Gora shi ne jirginsa, shi ne kwandonsa, kuma a inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, shi ne ransa. Goran na ubansa ne. Ya faɗo daga amalanke ya tsage, tsagar ta taso daga kusa da baki ta gangara har ƙasa, inda ke zama cikin ruwa. Irin wannan girma ba a samunsa a kasuwa, sai shekara ta yi kyau, kuma wannan ba ta yi ba. Ga lokacin buɗe tafki don su ya matso. In babu gora, babu Nomau a tafki bana, gidansa kuwa ba su da wata gona da za ta kai su.

Matarsa Inna Ladi ce ta ɗauko shi a ka. Tun daga nesa na hango shi yana walƙiya cikin rana, ja wur, kamar amaryar da aka kwana ana yi wa lalle. Da ta sauke na kai hannu, sai yatsana ya zame. Na shinshina.

"Inna, mi aka shafa mishi?"

"Man kaɗe ne. Mai kyau, ni na dafa abina."

"Har cikin tsagar?"

"Nan na fi cikawa ma. Wurin ya bushe, ya yi fari, abin tausayi."

Na zauna a kan benci. Ta ga fuskata ta gyara tsayuwa.

"Kai Sallau, so kake in fito da kayan gado daga gida a bushe, ƙura-ƙura, in ratsa kasuwa da shi a ce gidan Nomau ba mata? Ko wurin mai aski za ka, ai ka wanke kai."

Gaskiyarta ta wani gefen. Haka mutanenmu suke, ba a kai wa mai sana'a abu da datti, kunya ce. Ta wanke shi, ta shanya, ta bi shi da mai don ta girmama shi ta girmama ni. Sai dai gora abu ne mai shan ruwa, bangonsa kamar soso yake daga ciki, kuma ya kwana yana tsotsar man nan ta bakin tsagar. In na zuba kol ɗina a haka, zai bushe ya yi kyau a ido, ya yi sheƙi, kowa ya yaba. Ranar da Nomau ya kifa nauyinsa a kai a tsakiyar ruwa, sai ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai. Kuma abin da ke ƙasan akwatina ba zai yi aiki biyu ba.

Na faɗa musu haka. Nomau ya ce, "To a wanke mana da sabulu."

"Sabulu saman zai wanke, Baba. Na cikin sai an lallashe shi ya fito."

Na fara da huda. Na gasa basilla na yi ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar, don kada ta ci gaba da tafiya. Sannan na kankare gefe da gefe da kwalba, ciki da waje, har jan ya tafi fari ya fito. Na cika wurin da toka mai ɗumi, na ajiye a ranar hantsi, ba ta tsaka ba, don ita tana ƙara tsaga gora. Zafi ya taso da man, toka ta shanye, ta yi duhu. Na kakkaɓe, na goge da alkol, sifirit ɗin nan na kantin magani, na sake sabuwar toka. Gwajin kuwa ɗaya ne. Ka ɗiga ruwa a wurin da ka kankare. In ya nutse ya bar tabo, wuri ya yi. In ya dunƙule ya tsaya yana kallonka kamar ƙwayar ido, da saura.

Kullum da safe Nomau yana bencina, Inna Ladi ta biyo shi da fura. Kullum in ɗiga ruwa, ya dunƙule.

"Liƙa hakanan," in ji shi. "Ruwan tafkin ga ya san ni tun kana tsumma."

"Ya san ka, Baba, bai san kol ba."

"In ba ka iyawa, ba ni abina. Akwai yaro can bakin tasha, ya ce yanzu-yanzu zai ɗiga mishi magani."

Ya miƙe da gaske, ya kai hannu. Nan na ce, "Baba, ka san wani direba da ya taɓa tsayawa Ɗan Issa, ya sayi fura wurin wata yarinya, ya kai har Katsina bai iya shan furar ba?"

"Don mi? Ta yi tsami?"

"Don in ya shanye, ba abin da ya rage mishi na hannunta."

Ya tsaya da hannu a kan goran. "Wanga wawa ne ko?"

"Zauna ka ji."

Ya zauna, wai don ya ji iyakar wautar. Ban karanta wannan labari a ko'ina ba, a bakin nan nawa aka haife shi. Na ba yarinyar idanu masu sanyi kamar tafki da asuba, na ba ta murmushin da ba ta yi sai sau ɗaya a kasuwa. Na ba direban tsohuwar mota da zuciya mai rauni. Nomau yana tsaki, yana cewa a zamaninsu in kana son mace kai wa ubanta kifi kake yi, a gama. Amma washegari tun ban buɗe akwati ba ya ce, "To, ya dawo ya same ta?"

Na ɗiga ruwa a kan gora, ya dunƙule. Na ce, "Ya dawo, amma ta tafi ganin kakarta a wani ƙauye, ba wanda ya san sunansa."

Wata safiyar direban ya gano ƙauyen, sai gulbi ya kawo ya raba su, tana wancan gefe yana wannan. Wata kuma motar ta mutu a daji. Inna Ladi ce ta fara ganowa. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ni dai na lura, duk ranar da ruwan ga ya tsaya bisa gora, sai wata masifa ta faɗa wa bayin Allah nan."

"Haka labarin ya zo, Inna."

"Haka ya zo. To ka ji tsoron Allah, yarinyar ga ta rame."

Ana cikin haka aka buɗe tafki, aka fara su. Daga rumfata ana jin hayaniyar masu tafiya bakin ruwa, da yamma kuma ana wucewa da kifi a tire. Ranar Nomau bai tambayi labarin direba ba. Ya zauna ya juya wa hanya baya, yana gyaran komarsa da ba ta da abin gyara. Ni kuwa na sake toka.

Safiyar da ruwan ya nutse, sai da na ɗiga a wuri daban-daban tun daga sama har ƙasa, ko'ina ya shige ya bar tabo mai duhu. Na bari ya bushe sarai. Na yi ƙananan huda a gefe biyu, na ɗinke tsagar da zaren koma, na ja har bakin ya haɗu, don kol ba a sa shi ɗaukar kaya shi kaɗai in akwai mai taya shi. Na wanke hannu da toka. Na fito da ango da amarya, na matse su har sai da na naɗe gindin kowace kwalba, na gauraya. Na cusa cikin tsagar da tsinke, na toshe kowace huda, na shimfiɗa siririn ƙyalle a kai na sake shafawa har ya jiƙe, sannan na zura hannu na yi wa cikin haka. Da na gama, ko abin da zai liƙe maɓalli bai rage a marfin ba. Na yanko tsohuwar robar taya na ɗaure goran, na kai shi inuwa can ƙurya, na kifa kwando a kai don kada kowa ya ga abin da zai ja.

"Gobe?" in ji Nomau.

"Sai ranar da farce ya kasa yi mishi shaida."

"Direban fa?"

"An sa rana."

Na ja shirin bikin nan iya ja. Aka yi ɗinki, aka yi rabon goro, wata gwaggo ta yi fushi aka je biko. Kullum in ɗaga kwando in danna farce a gefe. Ranar da farcen ya zame bai bar komai ba, na ƙwanƙwasa wurin ya amsa da murya ɗaya da sauran goran, na ɗaura musu aure, na kai amarya a gaban motar da aka wanke. Inna Ladi ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Nomau ya ce, "Da ya kai kifin tun farko, da duk ba a yi wanga wahala ba."

Na danna goran a kwamin ban ruwa na lambu, na hau kansa da gwiwa, bai yi gumi ba. Amma kwami daban, tafki daban. Da sassafe na bi su bakin ruwa.

Tafkin ya kwanta lum, hazo-hazo na tashi a kansa, tsuntsaye farare suna tsaye a gefe kamar 'yan rakiya. Nomau ya tuɓe riga, ya yi 'yar maganarsa a bakin goran wadda ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Ya tura shi, ya bi shi har ruwa ya kai masa ƙirji, ya kifa ciki a kai. Na ga goran ya nutsa, tsagar duka ta shige ƙarƙashin ruwa. Ya fara turawa. Ya wuce ciyayi, ya wuce inda yara ke iyo, ya wuce jiragen da ke kusa, har ya zama ɗan ɗigo baƙi. Goran da ke shan ruwa ba ya nutsewa farat ɗaya, a hankali yake yin ƙasa, mai shi ba ya sani sai ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi. Don haka ba shi nake kallo ba, tsayin bayansa a kan ruwa nake aunawa da ido. Wani lokaci in ga kamar ya ragu, sai ya juya in ga yana nan. Inna Ladi tana bayana a kan tudu, ta ɗora hannu biyu a ka.

Rana ta ɗaga sosai kafin ɗigon ya fara girma. Ya iso a hankali, ya sauke ƙafa, ya jawo goran gaɓa. Ya zura hannu ya fito da kifi ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa matarsa, karfasa da tarwaɗa, suna ta fal-fal. Da ya kwashe, ya ɗaga goran ya kifa bakinsa ƙasa. 'Yan ɗigo suka zubo, na jikin kifi, ko cikin ludayi ba su kai ba. Ya shafa ƙyallen da tafin hannu, ya danna da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa. Sannan ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa.

Sai a lokacin na ji sanyi. Ashe ina can cikin tafki, ruwa har ƙugu, da rigata da hulata da takalmana, ban san sa'ad da na shiga ba.

"Ladi," in ji shi, "gora dai bai sha ruwa ba. Zo ki taya ni fid da mai gyaran, mu shanya."